Ko ba za a kawo wuta ba, a faɗa mana tun da wuri

Shekara shida ke nan ina zaune a birnin Hambog na Jamus, kuma a nan ma lantarki na da nasa rashin tabbas. Wutar dai ba a ɗauke ta, farashinta ne ke hawa da sauka. Fiye da rabin wutar da Jamus ke sha yanzu daga iska da rana da makamantansu take fitowa, su kuwa ba a ba su umarni. Ran 12 ga Disamba 2024 gari ya lumshe, iska ta tsaya cak, da yamma farashin megawat ɗaya na awa guda ya haura Yuro 900 a kasuwar sari. A 2024 ɗin kuma an yi awa 457 farashin na ƙasa da sifili, don wuta ta yi yawa.

Abin da ya sa hakan bai tayar mini da hankali ba shi ne ana sanar da ni. Masu tashoshi kan duba hasashen yanayi, a rufe ciniki da tsakar rana, zuwa azahar farashin gobe ya shigo wayata. Tun farkon 2025 doka ta wajabta wa masu sayar da wuta su tanadi irin wannan tsari na farashi mai bin hawa da saukar kasuwa. Wanki da guga sai in kai su lokacin arha. Gaskiya tsarin ya fi yi wa mai hali daɗi, mai batir da motar lantarki. Uwa mai jarirai ba za ta jira iska ta kaɗa kafin ta dafa abinci ba.

A gida Najeriya fa? A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. Mun yi ta muhawara kan yawan awoyin, muka manta da tambayar waɗanne awoyi ne. Ƙanena tela ne a Kano. Awa shida ta ishe shi ɗinki in ya san lokacinta, amma sau da yawa sai ƙarfe biyun dare take zuwa. Da ya tashi haɗa sola, sai da ya ci bashi ya sayi batir ninkin bukatarsa, tunda bai san ranar da za a bar shi a duhu ba.

Masu rarraba wuta na da jadawalin layin da za su kashe gobe. Wallahi saƙon tes ɗaya da magariba, ko sanarwa a rediyo bayan labarai, zai sa mai niƙa da mai walda su san ƙarfe nawa za su ce wa yaran shago su fito.