Bakin sukudireba uku na ƙwarai sun fi akwati guda na tarkace

Jama'a, yau a kan ɗan ƙaramin abu zan yi magana, guntun ƙarfen nan da ake sokawa a bakin injin ɗaure sukuru. Tsawon mafi yawansu bai wuce milimita 25 ba, shi ya sa ake raina shi. Mutum zai yi wata guda yana bincike kafin ya sayi inji, amma baki kuwa duk wanda hannunsa ya kai gare shi sai ya ɗauka. Alhali injin ba ya taɓa sukuru ko sau ɗaya, bakin ne yake taɓawa.

Na daina wasa da wannan abu ne ranar da nake sauya wa wata ƙofa maƙalai. Sukuru na ƙarshe ya cije, na danna inji, bakin ya zame ya yi ƙurrr a ciki. Kafin in ɗaga yatsana kan sukurun ya suɗe, gicciyen ya koma rami. Aikin minti goma ya cinye mini yamma ɗungurungum, daga ƙarshe sai da na huda sukurun na fitar da shi, katakon ma ya ji rauni. Da na duba bakin, haƙoransa sun murɗe kamar an tauna. Daga cikin irin akwatin nan mai baki ɗari na ciro shi. Araha ba ta ado, kuma asarar ba ta tsaya a bakin da ya lalace ba, ta shafi sukuru da katako da lokacina.

Amma gaskiya ba kullum ne laifin ƙarfe ba. Abin da ya fi kashe baki shi ne a sa shi inda ba gurbinsa ba. Sukurun da muke gani mai gicciye ba iri ɗaya ba ne. Akwai Phillips, wanda ake rubuta wa PH, ya bazu daga Amurka tun shekarun 1930. Akwai kuma Pozidriv, mai alamar PZ, da ya zo daga baya. Ka duba kan sukurun da kyau: idan ka ga wasu siraran layuka huɗu a tsakanin hannuwan gicciyen, to PZ ne. Haƙoran PH a karkace suke, suna tsukewa zuwa tsini, don haka da ƙarfi ya yi yawa sai bakin ya nemi ficewa sama. Na PZ kuwa a miƙe suke, sun fi kamawa. Matsalar ita ce bakin PH2 (lambar girmansa take nunawa) yana shiga sukurun PZ2, har ka zaci ya zauna, nan kuwa lilo yake yi a ciki. A haka gefensa zai cinye da wuri, ko da na kamfanin kirki ne. Masu gyaran babur ɗin Japan ma suna da nasu: sukurun da ke da ɗan ɗigo kusa da gicciye na tsarin JIS ne, wato ma'aunin ƙasar Japan, kuma bakin PH na yawan suɗe shi.

Gwajin da nake yi ba shi da wuya. Ka ɗora sukurun a kan bakin, ka riƙe da yatsa ka girgiza. Idan ya nutse har gindi kuma babu motsi, sun dace. Kada maganaɗisu ya ruɗe ka, domin zai riƙe sukurun ko da bai zauna ba. Yatsanka ne zai gaya maka gaskiya.

Sai batun ƙarfe. Za ka ga an buga S2 ko Cr-V a jikin bakin, sunayen irin ƙarfen ke nan. S2 ƙarfe ne da aka yi don ya jure bugu, kuma galibi ya fi Cr-V dacewa da aikin inji. To amma rubutu kowa na iya bugawa. Abin da ba a gani da ido shi ne yadda aka gasa ƙarfen aka hore shi. Idan taurin ya yi yawa, tsinin ya tsinke farat ɗaya kamar gilashi, ɓarɓashin ma na iya faɗa maka a ido. Idan ya yi laushi, sai ya murɗe kamar nawa. Na ƙwarai a hankali yake cinyewa, yana ba ka alama tun kafin ya ci amanarka. A nan ne nake ganin sunan kamfani yana da amfani, domin wanda ke da suna yana tsoron zubar da shi. Launin zinariya kuwa ba ya burge ni ko kaɗan. Shafe ne na sama-sama, idan ƙarfen ciki ba na kirki ba ne, kyan ɗan maciji ne kawai.

Idan injinka irin mai juyawa yana bugu ne, wanda ake kira imfak, nemi baki mai siririn ƙugu a tsakiya. Wannan ƙugun yana ɗan murɗawa ya shanye bugun kafin ya isa tsini. Baki na gama-gari ba ya daɗewa a irin wannan inji.

Ni yanzu, in dai zaɓin sukuru a hannuna yake, mai tauraro nake ɗauka, wato Torx, wanda aka ƙirƙiro a 1967. Kusurwa shida gare shi, da wuya ya zame, kuma ba sai ka jingina da duk nauyinka a kan inji ba.

Abin da ke cikin jakata bai taka kara ya karya ba: PH2 da PZ2 da T25 (na Torx), kowanne guda uku zuwa biyar, sai ƙananansu ɗaiɗai da dogo ɗaya mai milimita 50 don lungu. Ramin injin ɗaya ne, mai kusurwa shida, milimita 6.35, saboda haka duk za su shiga. Kuma da zarar na ga gefen haƙori ya fara sheƙi ya yi sulɓi, ba na mayar da shi cikin 'yan'uwansa, nan take nake jefar da shi.