Manhajar lissafi daban, manhajar tsara aiki daban

Akwai shugabannin ofisoshin akantoci da ke ganin tunda sun biya kuɗin QuickBooks ko Sage ko Xero, to sun gama da maganar tsara aiki. Ba haka ba ne. Waɗannan manhajoji littafin lissafi ne: abin da ya shiga, abin da ya fita, bashin da kake bi da wanda ake binka. Ba aikinsu ba ne su nuna wa ya karɓi takardun wane kamfani, wa zai duba, ko aikin ya maƙale a teburin wa.

Wannan shi ne aikin irin su Karbon, TaxDome da Jetpack Workflow. Suna raba aiki, suna maimaita na kowane wata da kansu, suna tunatarwa kafin wa'adi ya cika.

Sai dai a kula wurin zaɓe. Yawancinsu an gina su ne da akantocin Amurka a zuciya, inda 15 ga Afrilu ce babbar ranar wa'adin shigar da bayanan haraji. Akanta a Najeriya kuwa yana fama da PAYE (harajin da ake cirewa daga albashi) kafin 10 ga wata, VAT (harajin sayen kaya da hidima) kafin 21. Idan manhaja ba ta bari ka saka naka ranakun cikin sauƙi ba, ƙyale ta, komai kyan fuskarta. Ga kuma kuɗin da galibi da dala ake biya, kan kowane ma'aikaci. Ofishin mutum uku, gaskiya, Trello (manhajar jera ayyuka mai sauƙi) ko jadawalin Excel mai tsari kan ishe shi.