Durƙusa wa allo ma ba gajiyawa ba ne

Ni fa tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan maganar bidiyon nan da wani Alhaji ya ɗora na faɗuwarsa daga kan eFoil a Dubai, wato allon nan mai batir da ke ɗagawa saman ruwa, na ce ba zan tofa ba tunda abin ya riga ya wuce, ƙafa kuma tana warkewa. Amma da na tashi yau da safe na ga mutumin naku ya sake wani sabon fostin wai "allon da suka ba ni mai matsala ne", har yana cewa zai maka masu lesin ɗin a kotu, mutane kuma sun cika kwament da Allah ya isa, sai na ga shirun nawa ya fara zama shaidar zur. Don ina wurin. Ni na ɗauke shi daga masaukinsa a Deira na kai shi bakin ruwan Jumeirah, ni na riƙe masa agogo da takalmi.

Allon nan lafiyarsa ƙalau. Mutumin ne ya ƙi koyo. Shikenan maganar.

Yaron da ke koyarwar, wanda a haife bai fi ɗan cikin Alhajin ba, ya tsugunna a kan yashi ya kifa eFoil ɗin yana nuna mana komai ɗaya bayan ɗaya. Ga allon da ake takawa, batirin na cikinsa. Ga doguwar ƙafar da ke shiga cikin ruwa, wajen kamu ɗaya da rabi. A ƙasanta ga babban fiffike a gaba, ƙarami a baya, ga farfela. Ga rimot da za ka riƙe a hannu, akwai ɗan kunama kamar na bindiga, ka ja ya tafi, ka saki ya tsaya. Har yatsa ya sa ya shafa bakin fiffiken ya ce mu ma mu taɓa mu ji kaifinsa. Na taɓa. Alhaji bai taɓa ba, saboda a lokacin yana can gefe yana koya wa yaronsa yadda zai riƙe waya, "ka tabbata otel ɗin nan mai kama da jirgin ruwa ya fito a bayana". Minti goma sha biyar ana bayani, wallahi ko minti biyu bai saurara ba. Aka miƙo masa hular kwano ya ce za ta ɓata masa bidiyo. Da ƙyar da roƙo ya sa, rigar ruwan ma bai ɗaure igiyarta ta ƙasa ba wai tana matse masa tumbi.

Tsarin lesin ɗin nan a ko'ina iri ɗaya ne, ba wani sirri a ciki. Ka fara kwanciya rub da ciki a kan allon, ka yi ta zagaye a hankali har hannunka ya saba da rimot. Sannan ka durƙusa a kan gwiwoyinka, ka matsa gaba sosai. Sannan ka miƙe tsaye amma allon na shafar ruwa. Sai can daga ƙarshe ka ɗan saki nauyi ya ɗaga, ka sake danne shi ya taɓa ruwa, ya ɗaga, ya taɓa, har jikinka ya gane. Da rarrafe yaro kan tashi, wannan ko kakata da ba ta taɓa ganin teku ba ta sani.

Amma ina! Da aka ce ya kwanta, cewa ya yi shi ba ya kwanciya a gaban jama'a. Aka ce to ya durƙusa. Ku ji amsar, da kunnena na ji: "Ni zan durƙusa? Ni da nake hawan doki tun ina ɗan shekara bakwai?" To sannu Sarkin Dawaki. Doki yana da ido, yana da hankali, in ka yi wauta wani lokacin shi zai cece ka. Allon nan ba ya ganin kowa, bai san kai Alhaji ba ne, bai san nawa ne a asusunka ba, nauyin da ka ɗora masa kawai ya sani da inda ka ɗora shi.

Abin da ya biyo baya kun gani ai, sai dai ku an yanke muku farkon. Ya ƙara lambar gudu a rimot fiye da inda aka ce ya tsaya, ya yunƙura ya miƙe, da ya ji allon ya fara ɗagawa sai tsoro ya sa ya yi baya da jikinsa, wanda shi ne abu na farko da aka ce kar a yi. In ka yi baya hancin allon sama yake yi, ya ci gaba da hawa har fiffiken ya ɓullo saman ruwa, da zarar ya shaƙi iska kuma babu abin da ke riƙe da ku, sai ku rikito kai da allon gaba ɗaya. Faɗuwar ma ba ita ta ji masa ciwo ba, kowa na faɗuwa, ni ranar farko na faɗi ya fi sau goma. An ce in ka ga za ka faɗi kar ka yi kokawa, ka saki kunamar, ka bi inda jikinka ya karkata ka yi nesa da allon, ka kare kanka da hannu, kuma in kana cikin ruwa kar ka riƙa harba ƙafa kusa da shi don akwai wuƙa a ƙasa. Shi kuwa sai ya rungumi allon yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu kamar an jefa zakara a rijiya. Ƙaurinsa ya haɗu da fiffike. Ɗinki bakwai. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Yanzu kuma wai allo mai matsala. Allon da wata tsohuwar Baturiya ta sauka daga kansa minti goma kafin ya hau? Matar nan na rantse ta haura sittin, gashinta fari fat, ta yi kwanciyarta, ta yi durƙusonta, duk abin da yaron ya ce sai ta gyaɗa kai ta yi, kafin awarta ta cika tana shawagi abinta tana dariya. Ba ƙarfi ta fi shi ba. Kunne ta fi shi.

Kuma don Allah masu cewa "ai sabon abu ne, Turawa gwaji suke da rayukan mutane", ku huta. Dabarar sa wa jirgin ruwa fiffike a ƙasa ta girmi kakanku. Tun 1906 wani ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya gwada nasa a tafkin Maggiore ya kuma tashi. A 1919 Alexander Graham Bell, shi dai mai wayar tarhon nan, jirginsu ya yi gudun kilomita 114 a awa a wani tafki a Kanada. Dalilin ba asiri ba ne, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ɗan fiffiken da bai fi faɗin hannuwanka biyu ba zai ɗaga ƙato mai kilo ɗari da tumbinsa. Abin da yake sabo kawai shi ne haɗa shi da batir da rimot, kamfanin Lift na Puerto Rico ya fara sayar da nasa wajen 2018, Fliteboard na Ostireliya ma suka fito da nasu, 'yan Sin suka shigo da Waydoo mai ɗan sauƙin kuɗi. A gasar Olympics ta 2024 ma masu tseren allo a Marseille a kan fiffike suka yi, sai dai nasu iska ce ke ja ba batir ba. Duk duniya ana hawa lafiya, sai da aka zo kan ɗan uwanmu ilimin kimiyya ya lalace.

Na san abin da za ku ce, na ma fara gani a inbos. "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na yarda, ni ma Musulmi ne. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, ba a ce ka kwance igiyar rigar ruwa don tumbi ya sha iska ba. Wani kuma ya ce ya kamata na rufa masa asiri tunda tare muka je. Malam, shi ya ɗora bidiyon, shi ya sa masa waƙar tausayi, shi ke neman a kori yaron mutane daga aiki a ƙasar da in aikinka ya tafi zamanka ma ya tafi. Asirin wa zan rufa, na mai ɗinki bakwai da ke kwance a otel ana kawo masa shayi, ko na yaron da ya faɗa ruwa ya jawo shi ya ɗaure masa ƙafa da hannunsa yana ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba nasa ba?

Masu cewa kuma "mutane na fama da abin da za su ci kana mana zancen wasan masu kuɗi", na ji. Gaskiya ne wasan masu kuɗi ne, sabo na manyan kamfanonin nan yakan haura dala 10,000, ni ma ba nawa nake da shi ba, haya nake yi in an yi albashi, shi ma ba kowane wata ba. Ku wuce fostin ɗin kawai, ba dole. Amma halin da nake magana a kai ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Shi ne na wanda ya koyi mota kwana uku a filin ƙwallo ya ɗauki iyali ya hau titin Kaduna. Shi ne na wanda zai sayi sabon janareto ya jefar da takardar bayanin tare da kwalin. A wurinmu a gan ka kana koyo kamar abin kunya ne, musamman in mai koya makan ya gaza ka a shekaru, ko a kuɗi, ko mace ce. Gara ka karye da a ce ka tambaya.

Bari in faɗa muku abin da ya fi ba ni haushi, kuma nan ba wasa nake ba. Ya cuci kansa abin da ya biya kuɗi ya samu. Ni ranar da na fara, na fi minti ashirin a kwance rub da ciki kamar kada, ruwan gishiri na shiga min hanci, yara a bakin ruwa na nuna ni. Na durƙusa gwiwoyina na rawa. Na miƙe na faɗi, na miƙe na faɗi, har na fara cewa a raina kuɗin nan da na tura gida ya fi. Sai can yaron ya ɗaga murya daga nesa ya ce in daina kallon ƙafata, in kalli can inda ruwa ya haɗu da sama, in bar nauyina a ƙafar gaba. Na yi. Kun san ƙarar nan ta fal-fal-fal da allo ke yi yana dukan ruwa? Kawai sai ta ɗauke. Tsit. Babu jijjiga, babu komai, sai ɗan zuuu na injin a ƙasa, ina sama da ruwa ina tafiya kamar a mafarki. Bai fi daƙiƙa shida ba na sake rikitowa, amma na fito daga ruwan ina ta Subhanallah ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Wannan shirun shi ake saya. Shi Alhaji bai ji shi ba, ba kuma zai taɓa ji ba in dai durƙuso ya fi ƙarfinsa.

Kuma maganar rigar ruwan nan tana taɓa ni ta wani wajen daban. Mu da a 2021 kaɗai muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi, muka ga na Ɓagwai inda yara 'yan Islamiyya suka tafi a ruwan Watari, aka zo 2023 masu dawowa daga biki a Patigi sama da mutum ɗari. Waɗancan bayin Allah ba su samu rigar ba ma balle su ƙi sawa. Kai an miƙo maka ita har hannu, an tsugunna za a ɗaure maka, ka ce tana matse ka. Kuma ko iyo bai iya ba fa, wannan sai a mota muna hanyar asibiti yake gaya min, bayan a takardar da ya sa wa hannu ya ce ya iya. Ka je Argungu ka ga mutanen da aka haifa a bakin ruwa yadda suke girmama shi, su da suka san shi su ne ba sa masa garaje. Iya ruwa fid da kai aka ce, ba a ce iya ruwa fid da bidiyo ba.

Ni dai na gaya masa a fuska, in ya kai maganar nan gaba ni zan je in ba da shaida, kuma ba a ɓangarensa ba. Bidiyon da ba a yanke ba yana wayar yaronsa, minti goma sha ɗaya, har inda yake cewa ni zan durƙusa.

Wai ma duk wannan abin a ina ya samo sha'awar? Hoton Mark Zuckerberg ya gani, wanda aka ɗauka a Hawaii a 2020 yana kan irin allon nan fuskarsa fari tas da man kare rana kamar mai wasan tashe. Ya ce in mai Facebook zai hau shi ma zai hau. Man ma bai shafa ba, yanzu ban da ƙafar, wuyansa ma saɓulewa yake, ya kira ni jiya da dare wai ko na san inda ake samun man kaɗanya a garin nan. Na ce ya duba shagunan 'yan Afirka da ke wajen Naif, in bai samu ba akwai mai tasowa daga Kano ranar Laraba. In kai ne mai tasowar kana karanta wannan, don Allah ka haɗo min da yajin ƙuli da kuka, wanda aka kawo min wancan karon rabinsa gari ne. Kuma Alhaji har yanzu ba ka ba ni kuɗin tasin asibiti ba, zuwa da dawowa.