Mai son rufe ɗakin gwaji, ya taɓa shiga ciki kuwa?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wata magana ke yawo a fada-fada da wasu gidajen rediyo na Yamai, na yi ta kau da kai. Makon jiya na ji ta a bakin wani malamin jami'a, shi ya sa haƙurina ya ƙare. Wai tunda ƙasa ta kama hanyar cin gashin kanta, ya kamata jami'o'inmu su raba gari da ɗakunan gwaji da cibiyoyin binciken da suka tashi da kuɗin waje, don kunnuwan Turawa ne. Ya faɗa, aka gyaɗa kai, aka miƙa masa shayi na biyu.

To waɗanne cibiyoyi? AGRHYMET, cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi da ke Yamai tun 1974, ta ƙasashen Sahel ce a ƙarƙashin CILSS, kwamitinsu na yaƙi da fari, mu ne masu ita. LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da aka kafa a 2001, yawancin masu bincikenta ƴan Nijar da Benin ne, kuma ba su taɓa jin nauyin faɗa wa masu ba da tallafi cewa ayyukansu ba su tsinana abin da suke taƙama da shi ba. A Sadore, tashar binciken noma ta ICRISAT na ajiye da irin hatsin da wasu ƙauyukanmu suka daɗe da rasawa. Da sanƙarau ya ɓarke a 2015, a CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, ake gwada ruwan ƙashin bayan marasa lafiya a gane wane nau'in ƙwayar cuta ce, don a san allurar da za a nema. Wanda ya yi jinyar yaro a wannan bazarar ba zai kira wurin kunnen kowa ba.

Ɗiyar yayata ta yi digirin farko a fannin nazarin halittu a wata jami'a ta cikin ƙasa. Shekara uku, yawancin aikin gwajinta a allo aka yi shi: malami ya zana kwalba da alli, ya zana ruwan da ke ciki, ya faɗi launin da zai koma, su kuma su rubuta. Sai da ta zo Yamai sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a wani ɗakin gwaji ta fara sa safar hannu. Ranar farko ta ɓarar da rabin maganin gwajin saboda hannunta na rawa. Matar da ke kula da ita ba ta yi faɗa ba, ta ce mata kawai, “Ɗiyata, wannan ƴar kwalbar ta fi albashina na wata, sake, amma a hankali.” Da dare ta kira ni tana dariya tana kuka. “Kawu, ashe ban san komai ba.” Wannan ƙofar ce malaminmu na fada yake son a garƙame.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu wannan magana su ne suka fi kowa ambaton Abdou Moumouni. Sun san sunan da ke jikin ƙofar jami'a a Harobanda, ba su san yadda mutumin ya yi aiki ba. Ɗan Tasawan nan ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana, daga 1969, yana kuma koyar da ilimin fizik a jami'a, har ya riƙe shugabancinta a 1979. Ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a wurin da ake ƙera tukunyar dafa ruwa da hasken rana. Babu wanda ya kai shi ƙyamar karatun mulkin mallaka, amma bai taɓa ɗauka cewa maganinsa shi ne a raba ɗalibi da na'ura ba.

Akwai gaskiya guda a ƙorafin nasu, ita ma sun riƙe ta a baibai. Wasu yarjejeniyoyin, ɗalibinmu ɗan aike ne: ya sha rana a ƙauye yana tara jini ko ƙasa ko amsoshin tambayoyi, a ɗauke su a jirgi, bayan shekara biyu takarda ta fito a wata mujalla babu sunansa, ko a maƙala shi can ƙasa cikin godiya. Wannan cin amana ne. Amma wa ya sa hannu a takardar? Wa ya karanta ta kafin a ɗauki hoto, a ci kaji, a watse? Masu cewa a canza abokan hulɗa kawai, a koma Rasha ko Turkiyya ko Sin, ba su gyara komai ba, don da irin wannan sa hannun sabon baƙon ma haka zai yi da mu. Masu cewa kowace jami'a ta gina nata sabon ɗakin gwaji kuwa, su fara gaya mana wa zai sayi man janareto. Lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, firjin da ke riƙe da samfurin shekaru ba ya jin jawabin kishin ƙasa, gazuwal yake sha.

Ni abin da nake so bai da yawa. Duk mai binciken da cibiyarsa ta ƙulla da jami'a ya shiga aji ya koyar, ko da darasi ɗaya ne a shekara. Duk yarjejeniya ta faɗi ɗalibai nawa za su taɓa na'ura da hannunsu, kuma sakamakon ya zauna a nan. Gwamnati kuma, in da gaske take, ta sa kuɗin magungunan gwaji a kasafinta, ba gini da fenti kaɗai ba.

Ɗiyar yayata ta gama sitaj ɗin tun watan jiya. Ta nemi a ƙara mata wata uku, aka ce wurin mutum huɗu ne, masu jira kuma sun fi talatin. Yanzu tana taya uwarta sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, farar rigar aikin na ninke cikin jakarta.