Bel ɗin taimin: na Beljiyam bai fi sabo ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa gara a sayi bel ɗin taimin (bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a injin mota) na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohon inji, tunda shi ne na asali, sababbin kuwa jabu sun yi yawa. Maganar jabun gaskiya ce, kuma a kayan ƙarfe dabarar takan yi aiki.

Amma bel roba ne da zare a cikinsa. Shekaru da zafi suna cinye shi ko da ido bai ga tsagewa ba, kuma babu wanda zai gaya maka tafiyar da ya riga ya yi. Ɗauki Honda Accord mai injin V6: kamfanin ya ce a canza bel a shekara 7 ko wajen kilomita 168,000, amma a kilomita 100,000 idan ana yawan tuƙi cikin zafin da ya haura digiri 43. Mutanen Sakkwato da Maiduguri sun san wannan zafin. A irin wannan injin, in bel ɗin ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji.

Nemi sabo na Gates, Continental ko Dayco wajen dila amintacce, ka haɗa da tenshina (abin da ke ɗame bel ɗin) da famfon ruwa, tunda buɗewa ɗaya ce.