Gawon da ke tsakiyar gonarmu

A tsakiyar gonar da mahaifinmu ya bar mana, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, akwai wani tsohon gawo wanda tun ina yaro nake jin haushinsa. Idan damina ta sauka, tsamiya ta yi duhu, kuka ta rufe rassanta da ganye, ciyawa ta kai gwiwa, shi kuwa sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fayau kamar mataccen itace. Sai an kusa gama girbi, iska ta fara busar da komai, sannan za ka ga ya yi kore shar. Na taɓa ce wa Baffa mu sare shi mu huta, tunda ko inuwar kirki ba ya ba mu a lokacin noman firi da maimai. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai yaro, je ka duba geron da ke ƙarƙashinsa tukuna, in ka dawo sai mu yi maganar gatari." Na je na duba, na tarar zangarniyar wurin ta fi ta ko'ina kauri.

Kowane manomi ya san dalili. Ganyen da yake zubarwa taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, rashin ganyensa da damina yana barin rana ta kai ga shuka, da rani kuma awaki da tumaki suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Ni dai a lokacin ban ɗauki komai daga maganar ba face kunyar da na ji.

Shekara bakwai na yi a Kano ina tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, kuma a duk tsawon shekarun nan abin da na fi so a raina shi ne a kira ni marubucin waƙa. Na sayi littattafan rubutu masu tsada, na shiga zaurukan marubuta a Facebook da WhatsApp, ina kallon sa'o'ina suna sakin baitoci kullum safiya, jama'a na ta yabawa. Sai na shiga kwaikwayonsu, ina rubuta waƙoƙi a kan furannin da ban taɓa shinshinawa ba da tekun da ban taɓa gani ba. Amsa-amon yakan zauna daidai, amma idan na karanta waƙar bayan kwana biyu sai in ji kamar rigar aro ce na saka. Na yanke wa kaina hukuncin cewa wuri ne ya yi mini ƙunci, har na fara lissafin kuɗin motar Abuja, sai rashin lafiyar Inna ta dawo da ni gida ba don ina so ba.

Ra'ayina a yau shi ne, abin da ke hana yawancinmu sakat ba ƙarancin basira ba ne, auna kai ne da lokacin wani. A da mutum da maƙwabcinsa kawai yake gwada kansa, kuma ya san sirrin maƙwabcin nan, ya san shekarar da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Yanzu kuwa waya tana jero maka mutum dubu a rana guda, kowannensu a ranar da ta fi yi masa kyau, kai kuma kana zaune da ranarka ta yau da kullum kana tuhumar kanka.

Watanni na yi a gida ban rubuta ko ɗango ɗaya ba. Wata safiya ina zaune a zaure ina juya wani baiti da ya daɗe yana ƙi mini, sai matan gidanmu suka fara daka, su uku a turmi ɗaya, suna lugude, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da bugun ya kauce ba. Ban san lokacin da na fara rera baitin a kan sautin taɓaren ba, nan take na ji inda yake ɗingishi: gaɓa biyu ne suka yi yawa a ɗango na biyu. Abin da na kasa ganowa da ƙirga a takarda, kunne ya gano shi kafin a gama surfe. Daga ranar na fara sauraren garinmu da gangan. Na zauna a maƙera ina jin yadda zuga-zugi da guduma suke amsa wa juna. Na riƙa zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi ba don in sayi komai ba, sai don in tsaya a kara in ji yadda dillali yake yabon sa, yadda mai shi yake cewa "albarka" har sau biyar kafin ya sallama, da yadda ake rigimar la'ada cikin raha. Akwai hikimar magana a bakin mutanen nan wadda da ɗan boko ne ya rubuta ta, da an ce fasihi ne.

Ko a Birnin Kudu, mutanen da suka bar zane a jikin duwatsu tun kafin kakannin kakanninmu, shanu suka zana, wato abin da idonsu yake gani kullum, kuma har yau ana tafiya takanas don a kalla. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi, ni ne na ɓata shekaru ina koyon kukan wani.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa rayuwar ƙauye daɗi ce zalla. Masu wannan magana galibi daga birni suke yin ta, su zo da Sallah su ɗauki hoto a bakin rumbu su koma. Ba su ɗauki mai naƙuda a babur cikin taɓo da tsakar dare ba, ba su tsaya a gona suna korar jan-baki tun asuba ba, kuma ba sa nan a daminar 2022 lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidajen ƙasa a sassa da yawa na Jigawa, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Talauci ba ya sa farin ciki, kuma wanda ya tafi birni neman na kansa bai yi laifi ba. Abin da na samu a nan ƙarami ne, amma ya ishe ni: na san abin da nake iyawa, na kuma san lokacin da nake iya shi.

Wannan sanin bai zo mini ta hanyar zama ina tambayar kaina ko ni wane ne ba, aiki ne ya tona ni. Gona ta nuna mini cewa ni mai gajen haƙuri ne, ƙanena ya fi ni iya huɗa nesa ba kusa ba. Rashin masu yabo kuma ya nuna mini abin da ya fi ciwo, cewa a Kano yabon nake so fiye da waƙar kanta, shi ya sa idan na saki baiti nakan duba waya sau ashirin kafin azahar. Na kuma gane cewa daga shuka zuwa girbi ba na iya rubutu ko kaɗan, domin jiki a gajiye yake, hankali kuma yana kan hadari da kuɗin taki. A da irin wannan shirun yakan firgita ni in ɗauka basirar ta tafi ke nan. Yanzu sai dai in sa ƙaramin littafi a aljihu, duk kalmar da ta burge ni in rubuta ta ita kaɗai, ba na matsa mata. Idan dammuna suka shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, dare ya yi tsawo, sai baitocin su riƙa zuwa da kansu, wani lokaci har in rasa barci.

Makon jiya na bi ta gona na ga gawon ya fara toho, a daren kuma na kammala wata waƙa ƙwar biyu a kan daminar bana. Da safe na kai wa Inna, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, na karanta mata tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago kai ba har na kai baiti na shida, sannan ta ce, "Tsaya, kai ɗan nan. Ruwan da ya sa kuka fasa maimai ranar Talatar nan ne kake kira mamako? Ai yayyafi aka yi, ku ne dai kuka ji ƙyuya."

Na soke kalmar, baitin ya karye, kwana huɗu ke nan ina neman wadda za ta zauna a gurbinta.