Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a sa masu kula da tsofaffi cikin bincike

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da aikin kula da tsofaffi, naƙasassu da marasa lafiyar da ke kwance. Ɗaliba za ta shekara biyu ko uku a aji tana koyon yadda ake ɗaga majinyaci, yadda ake juya shi kada gyambon kwanciya ya kama shi, yadda ake lallaɓa mai ciwon mantuwa. Ranar da ta je sanin makamar aiki, sai wadda ta shekara ashirin a wurin ta ce mata, "Ƙanwata, ajiye littafin nan, mu nan ba haka muke yi ba." Kuma kowaccensu da gaskiyarta. Littafi ya ce mutum biyu ne za su ɗaga majinyaci, aikin dare kuwa mutum ɗaya ake barin wa ɗakuna da yawa. Makaranta ba ta san wannan ba, wurin aikin kuma bai ji sabon abin da aka gano ba. Tsohon da ke kan gado shi ke shan wahalar wannan rata.

Ni ina ganin maganin ya daɗe a hannunmu. Tun 1946 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro Jamus ya koma Amurka, ya bayyana wani salon bincike da ake yi ana cikin aiki: a zauna a tsara, a gwada, a lura da abin da ya faru, a sake zama a gyara, a kuma zagayowa. Ba baƙo ne zai zo da takardar tambayoyi ya cike ya tafi ba, masu aikin da kansu suna cikin masu binciken. A 1948 wasu masu bincike biyu, Coch da French, suka nuna a wata masana'antar ɗinki a Amurka cewa ma'aikatan da aka yi shawara da su kafin a sauya tsarin aiki sun fi saurin karɓar sauyin, aikinsu kuma ya fi saurin farfaɗowa, a kan waɗanda aka sanar da su kawai. Idan haka ne a kan ɗinkin riga, ina ga wankan dattijon da ba ya iya tashi?

A ɗauka gidan kula da tsofaffi ne ake yawan faɗuwa da dare. Malamar kwaleji, ɗalibanta, ma'aikatan dare da shugabar wurin suka zauna teburi ɗaya. Ɗalibai suka riƙa rubuta lokaci da wurin kowace faɗuwa. Ma'aikaciyar dare ta ce yawanci a hanyar banɗaki ne, kuma daidai lokacin miƙa aiki, sa'ad da hankalin kowa ke kan takarda. Malama ta kawo abin da aka sani game da magungunan da ke sa jiri. Aka sauya lokacin zagaye, aka ƙara fitila, aka jira wata guda a ga sakamako. In bai yi ba a sake. Ɗalibar nan ta koyi abin da jarabawa ba za ta koya mata ba, malamar ta koma aji da darasin da ya fito daga gaskiyar aiki, ma'aikaciyar kuma ta ga an ɗauki maganarta a matsayin ilimi. Wannan na ƙarshe ya fi komai taɓa ni, domin aikin nan galibi mata ne ke yin sa, da albashi kaɗan, kuma da wuya a tambaye su me suka gani.

Akwai wuraren da tuni ake sa masu aiki cikin gyaran aikinsu. A Jami'ar Helsinki da ke Finland, Yrjö Engeström da abokan aikinsa sun ƙirƙiro wata hanya inda ake nuna wa ma'aikata bidiyo da bayanan aikinsu kamar madubi, su gano matsalar da kansu. A Holan kuwa, Jos de Blok, wanda shi kansa nas ne, ya kafa wata ƙungiyar jinya mai suna Buurtzorg a 2006, inda rukunin nas-nas da ba su wuce 12 ba ke tsara aikin kula da mutane a gidajensu ba tare da manaja a kansu ba.

Amma fa ina da sharaɗi. Idan za a kira ma'aikaciya zama bayan ta kwana a tsaye, ba a biya ta lokacin ba, wannan ci da gumin wani ne. Idan shugabanni ba za su yarda a taɓa jadawali ko kasafi ba, kada a wahalar da mutane da zama. Kuma shi wanda ake kula da shi, da iyalinsa, a nemi yardarsa a ji ta bakinsa, tunda jikinsa ne da sirrinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida zai kai shekara 60 ko fiye, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1. Ɗaliban da ke aji yau su ne za su riƙe mutanen nan. Ina roƙon malaman makarantun jinya, in an tura ɗalibai sanin makamar aiki, ku bi su ku zauna da ma'aikatan dare, ku zaɓi matsala ɗaya tare ku fara da ita.